Hannun Arzika

Motarmu ta mutu bayan Badagishiri.
Direba ya shige ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai muke gani.
Na gaji da jira, na bi wata ƙara daga bayan tudu:
ƙwan, ƙwan, sai shiru,
sai ƙwan.

Rami na iske, faɗinsa ya kai kasuwar ƙauye,
farin dutse a buɗe kamar an ɓare cuku.
Maza bakwai, garin dutse ya rufe su
daga gira har idon sawu,
haƙoransu ne suka fi jikinsu duhu.

Babbansu Arzika.
Da na ba shi hannu sai na ji giɓi:
manuniyar dama ta tsaya a gaɓar farko.
Ya ga na duba, ya yi dariya.
“Dutse ma yana karɓar zakka,” in ji shi.

Ba ya dukan dutse sai ya saurare shi.
Yakan ƙwanƙwasa da ƙotar guduma, ya kara kunne,
kamar mai sayen tulu a gaban maginiya.
Wannan na siminti, wannan na harsashin gida,
wannan kuwa, ya jawo shi gefe, ya lulluɓe da buhu.
Na ce na wa? Ya ce, “Na wani.”

Ya ɓalle mini ɗan gutsure, ya tofa yawu, ya goge da riga.
A ciki ga bawon katantanwa, a naɗe, a daskare.
“Masu ilmi sun ce teku ta taɓa kwana nan.
Ni dai rijiyarmu gaba talatin ce.”

Direba ya danna oda. Na ruga.

Kwana biyu a Tawa, na gama abin da ya kai ni.
Ina neman mai gyaran takalmi
na faɗa wani zaure da ba nasa ba.
Raƙuman dawa ƙanana a jere kan katako,
kunkuru, kifi, turmin da bai fi ƙwai ba,
da kan rago wanda ƙaho ɗaya bai fito ba tukuna.
Mai wurin, Nomau, yana zaune kan taya,
magagari a hannu, rediyo na ta surutu shi kaɗai.

Bai yi mini ciniki ba. Ya ce in taɓa.
Dutsen da na bari da kaushi kamar kututture
nan ya yi santsi, ya yi sanyi,
kamar goshin jaririn da zazzaɓi ya saka.

A lungu, bayan randa, na hango shi:
hannu, girman na mutum, a buɗe,
da jijiyoyinsa, da faso a tafi,
manuniya ta tsaya a gaɓar farko.

Na ce, “Na san wannan hannun.”

Magagari ya tsaya.
Rediyo ya ci gaba da faɗin farashin albasa.

“Wana ne,” ya ce. “Uwa ɗaya, uba ɗaya.
Gona ta shiga tsakaninmu, shekara tara ke nan.
Ko gaisuwar salla babu.
Amma duk wata kamiyo na sauke mini dutse,
babu tsaga, babu jijiya, mai bin wuƙa,
direba ya ce bai san wanda ya ɗora ba.”

Na tambayi kuɗin hannun.
Ya ce bai ƙare ba.
Na duba, ban ga abin da ya rage ba.

Kifi na saya, jika biyu da rabi.
Yanzu yana kan teburina a Yamai, yana danne takardu,
gutsuren katantanwa a gefensa.
In dare ya yi nakan ƙwanƙwasa su da farce,
in kara kunne.
Ni ba na jin komai.